Injin Waifa Biyu da Ragon Malam Mansur

Salama gare ku, masu leƙo wannan shafi. Na ga waɗanda suka rubuto suna cewa labarina gajere ne kamar takardar magani. Ban ji haushi ba. Inna ma haka take faɗa. Yau dai zan ɗan buɗe baki, don abin da ya same ni a makon nan ya ƙi zama a ciki.

Wanda bai san ni ba, sunana Kalilu. A Daura nake. Shekara uku da gama sakandare. Jarrabawar shiga jami'a na zauna sau biyu, sau biyu ta ƙi ni. Ina tsaron shagon kayan gyaran mota na Oga Nwafor a kan hanyar Kongolam. Ina son wata yarinya, Fadila. Tarihin ke nan.

Fadila ɗinki take yi a gida. In na je zance ita ke tambaya, ita ke ba kanta amsa, nawa gyaɗa kai. Ta ce abin da ya sa take so na ke nan, wai ni kaɗai ne a Daura ban taɓa katse ta ba.

Watannin baya na ga sanarwar wata gasa da matasa za su shirya a Katsina bayan Babbar Sallah. Damben na'ura. Kowa ya ƙera tasa mai taya, a saka biyu a fili, wadda ta kife 'yar'uwarta ko ta ture ta waje ta ci. Na ce zan shiga. Na samo akwatin tsohuwar sitabilaiza, mai walda ya liƙa masa bakin shebur a gaba. Na ciro rimot daga wata matacciyar motar wasan yara. Daga nan na tsaya. Wata huɗu abin yana kwance a ƙarƙashin gadona, ba taya, ba inji. Ƙanwata Haulatu ta raɗa masa suna Ba-Magana, wai ni ya ɗauko. Inna kuwa sharaɗi ɗaya ta kafa: kada in kuskura in yi masa ido ko baki, ba za ta kwana gida ɗaya da gunki ba.

Laifina shi ne, duk sanda Fadila ta tambaya sai in ce mata an kusa gamawa.

Ranar Lahadi da hantsi ina goge filogi a shago, saƙonta ya shigo.

"Kalilu akwai magana."

"Ina ji."

"Abdulmuhaimin zai turo iyayensa ran Litinin ta sama."

Abdulmuhaimin yana da shagon atamfa a Kongolam, da mota, da turaren da ke riga shi shiga lungu. Na nemi abin da zan faɗa muku na sharri a kansa, ban samu ba. Wannan ma yana cikin abin da ya sa ba na ƙaunarsa.

"Baba ya tambaye ni ko akwai wanda nake so. Na ce kai."

Na ajiye filogin.

"Ya ce me kake yi. Na ce injiniya ne."

"Fadila."

"To me zan ce? Yana goge filogi?"

Na dubi hannuna.

"Na ce kana ƙera na'ura mai dambe. Wallahi da ka ga yadda ya gyara zama!"

Babanta, Malam Mansur, mahauci ne ɗan mahauta. Ya yi dambe a ƙuruciyarsa, har yau hannunsa na dama ya fi na hagu kauri. Sau uku na taɓa gaishe shi, sau ukun ƙasa nake kallo.

"Ya ce ka kawo ta ƙofar gida ran Juma'a bayan la'asar. In ya ga tana tafiya da ƙafarta, kuma kai ka yi ta, ka turo manyanka kafin Litinin. In ƙarya ce kada ya ƙara ganin takalminka a zaurensa. Ya ce shi rashin abin hannu ba ya hana shi ba da 'ya, ƙarya ce ke hana shi."

Sai ta bi shi da hoton zuciya guda uku da na sifana guda ɗaya.

Na rubuta "Akwai matsala." Na goge. Na rubuta "To." Na tura.

Da na gaya wa Oga Nwafor, dariya ya yi har sai da ya dafa kanta. Shekararsa talatin a Daura. Hausarsa ta fi tawa, ko ba ta fi kyau ba ta fi yawa. Da ya share hawaye sai ya ja ni bayan shago, inda muke jibge ƙarafan da suka mutu.

"Ɗebi abin da kake so, Injiniya. Amma faɗa mini, gudu kake so ya yi ko ƙarfi?"

"Duka."

"Ni ma ina so in ci tuwo malmala uku in rame. Zaɓi ɗaya."

Ya tsuguna yana jero su a ƙasa. Injin fanka, ya ce wannan sai da wutar gida, sai dai in bi shi da waya daga Daura har Katsina. Injin ɗaga gilashin mota, ya ce haƙoransa na roba ne, karo ɗaya za su zube. Ya ɗago injin waifa, wanda ke kaɗa abin share ruwan gilashi, baƙi, mummuna, duk tsatsa.

"Wannan ba ya sauri, amma ba ya gajiya. Ka haɗa shi da ƙaramar taya, zai ture ni kaina."

Ni kuwa idona na kan sitatar babur guda biyu. Na taɓa ɗaya da batir, ta yi wani kuka, ta nemi ƙwacewa daga hannuna. Zuciyata ta kwanta da ita nan take. Na waiga na hango tayoyin baro biyu jingine da bango.

"Waɗancan."

"Kalilu, babbar taya cin ƙarfin inji take. Ita kuma sitata an yi ta ne ta yi aikin daƙiƙa uku ta koma ta huta, kamar ɗana Austin."

"Gidan surukai za a je, Oga."

Ku ma ku yi mini adalci. Mu nan abin da za a kai ƙofar surukai girmansa ake fara gani. Goro a zaɓo manya, akwati a zaɓo babba. Ni ne zan tsaya gaban tsohon ɗan dambe da abu mai ƙananan ƙafafu yana rarrafe?

Oga ya ɗaga kafaɗa. "Allah ya ba da sa'a. Ka dai gaya wa Hajiya ta kwashe tukwanenta."

Ban gaya mata ba.

Talata bayan azahar na fito da Ba-Magana tsakar gida. Da tayoyin baro ya kai mini gwiwa. Ya yi kwarjini, ba zan ɓoye ba. Inna na tankaɗe a gindin rumfa, Haulatu na wanke-wanke. Na yi bisimilla na danna.

Ban ga tafiyarsa ba. Ƙara kawai na ji. Ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya ya tafi da zanin Inna, ya mangare turmi, ya hau kwandon wanke-wanke, gabansa ya ɗaga sama, ya kife a bakin rijiya. Tayoyin suka ci gaba da juyi a iska, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin zanin. Kajinmu bakwai duk suna kan katanga.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Inna ta miƙe, rariya a hannu, gari har gira. "Kalilu! Aljani ka kawo mini gida?"

Haulatu ta zube a ƙasa tana riƙe ciki. "Yaya, ya yi magana! Wallahi yau ya yi magana!"

Na taɓa sitatar, ta ƙone mini yatsa. Na zauna a kan turmin da ya faɗi. Waya ta yi ƙara, saƙon Fadila ne.

"Yaya mutuminmu?"

"Yana hutawa."

Laraba da safe na shiga shago, na wuce bayan shago, na ɗauki injin waifa biyu. Oga ya dube ni, ya kama wata waƙar cocinsu da ya dinga yi da fito har azahar, kuma duk inda na juya yana bayana.

Taya kuwa, na zauna na yi tunani irin wanda ya kamata in yi tun Lahadi. Ta keke ta yi siriri, karo ɗaya za ta lanƙwashe. Ta akwatin tafiya ta yi ƙanƙanta, yashi zai haɗiye ta. A ƙarshe na cire na wani mataccen janareta. Ƙanana ne, faɗinsu bai wuce tafin hannuna ba, masu tauri, ba ruwansu da iska balle faci. Mai walda ya kama su da bakin injinan. Na ɗora injinan a kan katako, don Oga ya ce jikinsu na ɗaukar wuta, in suka taɓa ƙarfen akwatin tartsatsi za a sha. A baya na sa boris ɗaya, 'yar tayar ƙarfe, ya zama jela.

Ba-Magana ya koma ƙasa, cikinsa kusan yana shafar yashi. Ya zama kamar kwanon da aka kife. Kwarjinin nan duk ya tafi.

Wannan karon Inna daga cikin ɗaki ta kalla, ta labule. Na danna. Ya motsa. A hankali, kamar dattijon da zai je ɗaurin aure bai son ya yi gumi. Ya isa turmi, ya sa masa shebur, ya tura shi gaba kamar ba komai. Na ɗora masa rabin buhun gero, ya tafi da shi.

Sai na lura yana karkata hagu. Ya ƙara karkata. Ya zagayo ya dawo inda ya tashi, ya sake zagayawa.

"Yaya," in ji Haulatu, "akuya ce a turke?"

Na canja batir. Hagu. Na musanya injinan, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. Hagu dai. Na zauna ina kallon sa yana zagaye tsakar gida har aka kira la'asar.

Oga ne ya warware mini a waya. Ya ce injin waifa gefe ɗaya aka yi shi ya juya, a mota ba ya taɓa komawa baya. Ni kuwa na sa su sun juya wa juna baya, dole ɗaya ya yi juyin da bai saba ba, kuma a wannan juyin ragwanci gare shi. Ko wanne na sa a hagu, shi ne zai zama rago.

"Maganin fa?"

"Ka samo na motar da sitiyarinta ke ɗaya gefen. Wataƙila a Kano. Wataƙila."

Alhamis ta waye. Saura kwana ɗaya. Ban karya ba. Inna ta ajiye mini koko da ƙosai, ta dawo ta tarar da su yadda ta bar su, ta dube ni ta ce, "Kai dai da ciwon so da zazzaɓi duk fuskarka ɗaya ce." Na ɗauki waya.

"Fadila, yana tafiya. Amma zagaye yake."

Saƙon murya ta turo, ana jin keken ɗinki ya tsaya. "Kamar yaya zagaye? Wace ƙafar ce mai lalacin?"

"Hagu."

"To ka ƙara mata ƙiba mana."

"Me?"

"Kai Kalilu! In ina naɗa zare a kwarkwaro, da fari juyi ɗaya ɗan zare kaɗan yake ci. In ya yi ƙiba, juyi ɗaya ya ci mai yawa, alhali keken bai ƙara gudu ba. Ka naɗa wa ta hagun roba har ta kamo 'yar'uwarta."

Na saurara sau uku. Daidai ne. Shi ya fi ba ni haushi. Shekara uku ina kwana da littafin kimiyya a ƙarƙashin matashi, ga mai kwarkwaro ta gama da ni cikin daƙiƙa ashirin.

"Gurgu zan kai wa babanki?"

"Ni dai ya iso ƙofarmu. In zagaye turmi zai yi, sai ka aura masa turmin."

Na yanko robar cikin tayar babur, irin wadda ake ɗaure kaya, na naɗa. Taku biyu ta warware. Na sake, na ja da haƙori. Ta warware ta nannaɗe boris. Na uku ta tsinke ta mare ni a kunci. Haulatu na zaune tana ɓare gyaɗa tana kallo kamar ta biya kuɗin shiga.

"Kawo nan," ta ce.

"Ke me kika sani?"

"Na san hanyar gidansu."

Ta kwance tayar, ta saka a kular abinci, ta rufe, ta zura hijabi ta fita kamar mai kai wa mara lafiya fate. Kafin la'asar ta dawo. Na buɗe kular. An naɗe tayar da roba, layi kan layi, a gicciye, kamar saƙar tabarma. Na danna da babban yatsa, tauri kamar dutse. Na juya ta sau biyar ina neman inda bakin robar ya ƙare, ban gani ba. A ƙasan kular akwai alawar madara guda biyu da 'yar takarda: "Ka ci abinci."

Na mayar da tayar. Na shimfiɗa igiya daga ƙofar ɗakin Inna zuwa zaure, na ɗora Ba-Magana a kanta, na danna. Ya bi igiyar nan tiryan-tiryan har zaure. Na ɗauko shi a hannu na dawo da shi farkon igiya. Ya sake. Sau goma na yi, sau goma ina ɗauko shi a hannu kamar jariri, don in tabbatar daga wuri ɗaya yake tashi.

Ku riƙe wannan. A hannu nake dawo da shi.

Juma'a bayan an sauko, na sa shaddata ruwan toka ta ƙaramar Sallah, da hular da Haulatu ta wanke ta kifa a kan tulu ta bushe. Inna ta fesa mini turarenta, na ce na mata ne, ta ce warin gas ma ba na maza ba ne. Na ɗora Ba-Magana a baro na rufe da buhu. Ina fita na ga Oga Nwafor a ƙofar gida, ya rufe shago, ya sa hular Hausa.

"Ba zan ji wannan a bakin mutane ba," ya ce.

Malam Mansur na zaune a dakalin ƙofar gidansa cikin farar babbar riga. Abokansa mahauta huɗu na kan benci. A gindin darbejiya an ɗaure ragon da yake kiwo na layya, fari mai baƙin kai, ƙahonsa ya naɗe sau biyu, ga babban kwanon jiƙaƙƙiyar dusa a gefe. Labulen zaure yana motsi alhali ba iska.

Na cire takalmi na durƙusa. "Baba, barka da Juma'a."

"Barka kadai, Malam Kalilu. Ina ɗan damben?"

Na yaye buhun na sauke shi. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya leƙo ya ce, "Murhu ne?"

Malam Mansur ya sunkuyo. "Ina hannunsa?"

"Shebur ne, Baba."

"Ina idonsa?"

"Inna ta hana."

"Ta kyauta. To, mu gani."

Na ɗaga rimot. Na danna. Ba-Magana ya tashi, ya miƙe sak, ya ratsa gaban benci, bai karkata ko da faɗin yatsa ba. Tsofaffi suka ɗage ƙafafu suna "Ikon Allah!" Daga zaure na ji an yi guɗa rabi an toshe baki.

"Tafiya na gani," in ji Malam Mansur. "Damben fa?"

"Sai da abokin karawa, Baba. Yana Katsina."

Ya waiga hagu, ya waiga dama. Idonsa ya sauka kan ragon. Shi ma ragon tun ɗazu ya daina cin dusa, ya kafe Ba-Magana da ido, yana buga ƙafa.

"Ga abokin karawa. A ƙara masa igiya."

"Baba..."

"Tsoro yake ji?"

"A'a."

Ni ne nake ji.

Aka sassauta igiya. Ragon ya ja da baya, ya ƙara ja, ya sunkuyar da kai. Ya taho. Gwaf! Na runtse ido. Da na buɗe, Ba-Magana na nan a ƙasa inda yake, ko gezau. Ƙahon ya zame ta kan shebur, ragon ya wuce ta samansa yana tangaɗi. Da tayoyin baro ne da yanzu yana cikin kwata. Oga ya matso kunnena ya fara fiton nan nasa.

Na juya shi na danna gaba. Ragon ya sake kawo karo, ya sake zamewa. Ba-Magana bai san an taɓa shi ba, tafiyarsa kawai yake, a hankali, ba fushi ba murna. Ragon ya fara ja da baya ba don karo ba. Ya ja, ya ja, har gindinsa ya haɗu da darbejiya, ya buɗe baki ya yi wani kuka siriri kamar ɗan akuya.

Malam Mansur ya miƙe tsaye, ya tattare hannun riga, ya manta da kowa. "Haka ne! Shiga jikinsa! Kar ka ba shi numfashi!" Ya matso har bayan Ba-Magana yana dunƙule da hannun dama. Can ya tuna ragon nasa ne.

"Ya isa, ya isa! Ja da shi baya, kar ka karya mini shi."

Na sa yatsa a kan maɓallin baya. A daidai lokacin na tuna wani abu. Ban taɓa danna shi ba tun da aka naɗe tayar. In za a koma baya, injin hagu ne ke samun juyin da ya saba, ga shi kuma da ƙatuwar taya. Na gama wannan tunanin ne bayan na riga na danna.

Ba-Magana ya wulwulo da gindinsa gefe kamar an ja shi da igiya, ya share ƙafafun Malam Mansur biyu a tare. Malam Mansur ya ɗaga hannu sama, ya nemi abin kamawa, bai samu ba. Ya zauna daɓas a cikin kwanon dusa.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ragon ma ya yi shiru. Na nemi Oga, na hango shi a tsallaken titi da waya a kunne, wayar a juye.

Malam Mansur bai tashi ba. Yana zaune a cikin kwanon, ruwan dusa na bin farar rigarsa, fuskarsa daidai da tayar hagu. Ya miƙa hannu ya kama ta. Ya juya ta da babban yatsa a hankali. Ya sake juyawa.

"Wa ya yi wannan ɗaurin?"

Jama'a, ku tsaya a inda na tsaya. Sharaɗinsa biyu ne: ta yi tafiya, kuma ni na yi ta. In na ce Fadila ce, na rushe na biyun da bakina. In na ce ni ne, kalma ɗaya ce, gajera, irin wadda na fi iyawa. Na dubi labulen zaure. Ya daina motsi.

"Fadila ce, Baba."

Da bakin ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa. Na ce ni ba injiniya ba ne, filogi nake gogewa. Na ce ran Lahadi abin nan ba shi da taya ko ɗaya. Na ce ƙarafan na Oga ne, shi ya ce in ɗauki injin waifa na ƙi, na ɗauki sitata don in burge shi, ta ƙone zanin Inna. Na ce zagaye yake yi, dabarar ƙara wa tayar ƙiba ta Fadila ce, naɗin ma nata ne, nawa sau uku yana warwarewa. Na ce haɗin wayoyin da katakon da shebur ɗin nawa ne, wannan kam nawa ne. Na ce ban taɓa gwada baya ba, kuma ina neman afuwa game da rigar. Tun da aka haife ni ban taɓa jera magana mai tsawon wannan ba. Har haki na yi.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce, "Ashe yana magana."

Malam Mansur ya miƙa hannu, na kama, na ja, kwanon ya biyo shi kaɗan sannan ya sake shi. Ya zaro wuƙar fiɗa daga kube a ƙugunsa. Na ja da baya taku ɗaya, ba zan yi muku ƙarya ba. Ya juyo mini da ƙotarta. An naɗe ta da baƙar roba, layi kan layi, a gicciye, ba a ganin inda bakin ya ƙare.

"Tun tana shekara tara take naɗe mini su. Duk mahautar Daura ba mai ɓoye bakin roba haka, sai ni da ita." Ya mayar da wuƙar. Ya juya wajen zaure ya ɗaga murya. "Ke Fadila! Wannan ne injiniyan naki?"

Can wata 'yar murya ta ce, "Rabinsa ne, Baba."

"Na gani. Ɗaya rabin na cikin gidana tana cin tuwona."

Tsofaffi suka fashe. Shi bai yi dariya ba. Ya matse gefen rigarsa, dusa ta zuba a kan takalmina.

"Ka gyara masa baya kafin Katsina. Kuma da ni za a je, ni zan tsaya masa, ku ba ku san dambe ba." Ya dube ni daga hula har ƙasa. "Gobe bayan la'asar ina jiran manyanka. Gobe na ce. Jibi ina kasuwar Mai'aduwa, Litinin kuwa ka san masu zuwa, ina so in san abin da zan gaya musu."

Na durƙusa. Na nemi abin faɗa, na ga na ƙarar da maganar shekara guda. Na ce, "To."

A hanya ina tura baro, Oga na gefe yana ba ni labarin abin da ya faru kamar ba na wurin. Waya ta yi ƙara a aljihu. Na tsaya.

"Na yi kuka na yi dariya har Mama ta ce in sha ruwa. Baba na wanka yana waƙar dambe."

Wani saƙon ya biyo baya.

"Ka dai riga ka gaya wa Babanku ko? Su wa zai turo?"

Na tsaya a tsakiyar hanya har mai babur ya zage ni.

Babanmu direba ne, yana jigilar Daura zuwa Zango. A wajensa na gado bakin nan. Hirarmu mafi tsawo bana a kan taki ce, ita ma da hannu ya ƙarasa ta. Inna ta san da Fadila. Haulatu ta sani. Oga ya sani, mahauta huɗu sun sani, rago ya sani. Baba bai taɓa jin sunanta ba. Ni ina zaton Inna ta gaya masa. Na kira Inna, ta ce ita tana zaton ni namiji ne.

Na same shi a ƙofar gida kan tabarma, ya dawo daga tasha, rediyo a kunne. Na ajiye baron. Na cire takalmi. Na durƙusa. Ya dubi shaddata, ya shaƙi turaren Inna, ya dubi dusar da ke ƙafata. Ya rage muryar rediyon.

Muka kalli juna. Minti ɗaya. Biyu.

"Lafiya?" ya ce.

"Baba," na ce, "gobe bayan la'asar kana da lodi?"